Kafin ka ce "a yi mata fomatin kawai", tsaya ka karanta wannan

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan masta da ke karatu a nan Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Abin ya tsaya min a rai ne tun makon jiya, na ga in ban faɗa ba ba zan samu sukuni ba.

Ranar Talata da yamma wata 'yar ajinmu ta kira ni, muryarta na rawa. Laftof ɗinta ta yi nauyi, sai ta yi minti goma kafin ta gama tashi, shi ne ta kai wa wani mai gyara a bakin get. Ya ce ta je ta dawo bayan awa biyu. Ta dawo ta tarar da kwamfuta tana gudu kamar sabuwa, har da sabon hoto a fuskar allo. Sai da ta koma hostal ta nemi babi na huɗu, babu. Ta nemi fayil ɗin SPSS da ta yi wata biyu tana shigar da amsoshin mutum ɗari uku da wani abu, babu. Hirarrakin da ta naɗa a ƙauyuka, babu. Ta koma wajen mai gyara, ya ce ai ita ta ce a wanke, shi kuwa ya wanke. Saura mako biyar ta gabatar da aikinta a gaban dipatmen.

Na je na same ta a bakin laburare. Abin da ta fara ce min shi ne, "Malam, don Allah ka ce min za a iya dawo da su." Na ce, "Hajiya, kashe ta tukuna, kar ki ƙara ajiye komai a ciki." Mun samo wasu fayiloli da manhajar tono abin da aka goge, mun samo babi uku a imel ɗin da ta taɓa tura wa sufabaizanta. Fayil ɗin SPSS kam ya tafi. Allah ya taimake ta takardun tambayoyin suna nan a cikin kwali, yanzu haka mu huɗu ne muke taya ta sake shigarwa da daddare.

Da labarin ya shiga gurup ɗinmu na WhatsApp sai musu ya ɓarke. Wasu suka ce fomatin ne matsalar, kar kowa ya ƙara yi. Wani kuma ya ce shi yana da tsohon faifan Windows 7 na ɗori, irin wanda aka rubuta "Upgrade" a jikin kwalinsa, duk mai so ya zo ya zuba masa kyauta, akwai dabarar da ake yi ya hau kan kowace kwamfuta. Ni dai ban yarda da ɓangarorin biyu ba, kuma ga dalilina.

Da farko bari mu bambance abu biyu, don da yawanmu muna haɗa su. Akwai ɗori, akwai sabon zubi. Ɗori shi ne ka ɗora sabuwar Windows a kan tsohuwa, fayilolinka da manhajojinka su tsallaka tare da kai. Sabon zubi kuwa shi ne a share ɗakin gaba ɗaya a fara daga fili. Ɗori ya fi sauƙi, amma yakan kwaso duk tarkacen da ya taru shekara da shekaru, har da wanda ya jawo nauyin tun farko. Kamar mai sabon fenti ne a kan bangon da ya riga ya jiƙe. Shi ya sa ni ina goyon bayan sabon zubi in kwamfuta ta lalace ko ta kamu da bairos. Abin da ba na goyon baya shi ne a yi shi a makance, ba a kwashe kaya ba, ba a san matsayin lasisi ba.

Maganar faifan ɗori kuwa, na san ta ciki da waje, don ta taɓa kwana da ni. A 2017, ina aji biyu a digirin farko, yayana ya ba ni tsohuwar laftof ɗinsa. Da Vista ta zo daga kamfani, tambarin yana nan a ƙarƙashinta, shi kuma ya sayi faifan ɗori na Windows 7 da kuɗinsa ya ɗora. Ya ba ni har da faifan da kwalinsa. Wata rana rumbun ajiyar ya mutu murus. Na tara kuɗi na sayi sabo, fanko, ba komai a ciki. Na sa faifai, Windows ta hau lafiya lau. Da na zo shigar da lambar nan mai haruffa 25 sai ta ƙi. Ta ba ni 0xC004F061, ma'ana wannan lambar ta ɗori ce, ba ta sabon zubi ba. Wallahi ranar ji na yi kamar an rufe min ƙofar gidanmu ina riƙe da makulli.

Sai da na yi karatu a kai na gane yadda abin yake. A zamanin Windows XP, in kana da faifan ɗori kuma rumbunka fanko ne, sai ta ce ka saka tsohon faifanka, na Windows 98 ko 2000, ta duba ta tabbatar kana da shi, sannan ta ci gaba. Daga Vista aka daina haka. Maimakon ta tambayi faifai, sai ta duba ko akwai wata Windows zaune a rumbun lokacin da aka fara zubin. In akwai, ko da ka goge ta daga cikin shirin zubin, yawanci lambar takan karɓu. In babu, sai ta ƙi. To wanda rumbunsa ya mutu fa, kamar ni? Yana da haƙƙi, amma na'ura ba ta da hanyar ganin haƙƙin nasa.

Nan ne dabarar zubi biyu ta shigo. Za ka zuba Windows ɗin ba tare da ka sa lamba ba, ta ba ka kwana 30 na jira. Da ta tashi sai ka sake kunna faifan daga cikinta, wannan karon ka zaɓi "Upgrade", wato ka ɗora Windows 7 a kan Windows 7. Sai ta ga ai akwai wata a ƙasa, ta karɓi lambarka. Akwai gajeriyar hanya kuma ta cikin rajistar Windows, inda ake mayar da wani abu mai suna MediaBootInstall daga 1 zuwa 0, a buga slmgr /rearm, a sake kunna kwamfuta. Ni ta farkon na bi, don tsoron taɓa rajista nake a lokacin. Ta ci min dare guda da rabin man janareton maƙwabci, amma ta yi.

To ga inda nake so a fahimce ni. Abin da na yi daidai ne, domin laftof ɗin tana da lasisin Vista na gaskiya, kuma an biya kuɗin ɗorin. "Ɗori" sharaɗin saye ne: an rage maka farashi saboda ka riga ka mallaki tsohuwar. Ba wai dole sai ka bi ta kan tsohuwar wajen zubi ba. Babbar hujja ma ita ce masu XP. Lokacin da Windows 7 ta fito ranar 22 ga Oktoba 2009, mai XP yana da damar sayen faifan ɗori, amma ba ya iya ɗora ta kai tsaye a kan XP, dole sai ya zaɓi "Custom" ya yi sabon zubi. Kun ga kenan sabon zubi da faifan ɗori ba laifi ba ne a karan kansa.

Amma abin da ɗan uwanmu ya yi tayi a gurup daban ne. Faifai ɗaya, lamba ɗaya, kwamfutar mutum goma, kuma ba a tambayi ko suna da lasisin farko ba. Dabarar tana buɗe ƙofa, ba ta mayar da kai mai gida. Lambar ta kwamfuta ɗaya ce. In ka same ta a buɗe ka shiga, shigar ka yi, amma ba naka ba ne. Mu da ake koya mana a ajin hanyoyin bincike cewa ɗaukar jimlar wani ba tare da ambatonsa ba sata ce, bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Ban faɗi haka don na fi kowa ba, ni ma na yi amfani da manhajar da aka fasa a baya, ba sau ɗaya ba. Amma mu kira abu da sunansa.

Ko mun ajiye maganar haƙƙi gefe, Windows 7 a yau ba wurin ajiye tesis ba ne. Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Chrome ma ya daina sabunta kansa a kanta tun farkon 2023. Masu tunawa za su tuna WannaCry a watan Mayun 2017, wadda ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila, alhali an fitar da maganin ramin da ta bi tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha. Yanzu ka ɗauki kwamfutar da ba ta samun gyara kwata-kwata, ka jona ta da wayafai ɗin makaranta, ka riƙa cusa mata filashin da ya zaga duk shagunan buga takardu na bakin get. Me kake jira?

Wani zai ce to ai sai a hau Windows 7 ɗin a tsallaka zuwa 10 kyauta. Wannan ƙofar ta rufe. Windows 10 ta fito 29 ga Yuli 2015 da tayin hawa kyauta na shekara ɗaya, kuma gaskiya ne bayan wa'adin ya wuce lambobin Windows 7 da 8 sun ci gaba da aiki shekaru da yawa. Amma a watan Satumban 2023 Microsoft ta toshe hanyar. Ita kanta Windows 10 ɗin tallafinta na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Don haka faifan nan na ɗori, a ajiye shi don tarihi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da yawanmu muna da lasisi na gaskiya ba mu sani ba. Yawancin laftof ɗinmu tokumbo ne, HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Tun daga zamanin Windows 8, manyan kamfanoni sun daina manna lambar a ƙarƙashin kwamfuta, suna dasa ta a cikin allon uwar na'urar. Sannan duk kwamfutar da ta taɓa hawa Windows 10 ko 11 da lasisi mai kyau, Microsoft tana riƙe da shaidarta. In ka yi sabon zubi na irin nau'in da take da shi, Home ko Pro, ka danna "I don't have a product key", da ka shiga intanet za ta kunna kanta. Ko rumbu ka canza, yawanci ba ta damuwa. Amma me ke faruwa? Mai gyara yana da filashi ɗaya da yake zuba wa kowa, sau da yawa ba nau'in da ya dace da lasisinka ba, sai ya bi da kirak, ya kashe maka Windows Defender don kar ya kama kirak ɗin. Irin wannan kunnawar ta kwana 180 ce, tana dogara da wata 'yar manhaja da ke zaune a cikin kwamfutarka tana sabunta ta, kai kuwa ba ka san me kuma take yi ba. Ka shiga da lasisi, ka fito da na jabu, kuma ka biya kuɗi a kai.

Ba ina zagin masu gyara ba ne. Akwai na kirki a cikinsu, akwai wanda ya taɓa ceto min allo a kan kuɗi kaɗan. Shi ma abinci yake nema, kuma mutum goma na jiransa a benci. Amma shi bai san cewa fayil ɗin nan mai suna "final final 3" shi ne shekara biyu na rayuwarka da kuɗin makarantar da aka sayar da buhunan masara aka biya ba. Kai ka sani. Nauyin a kanka yake.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma na yi shi a kan kwamfutoci fiye da goma a hostal ɗinmu.

Na ɗaya, kafin komai, kwashe kayanka zuwa wuri biyu. Ɗaya a hannu, filashi ko rumbun waje, ɗaya a intanet. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, OneDrive 5GB, tesis ɗinka da duk bayanan bincikenka da wuya su cinye wannan. Kar ka tsaya a Documents kaɗai, duba Desktop da Downloads, nan ne yawancinmu muke zubar da komai. Masu Zotero ko Mendeley ku tabbatar ɗakin karatunku ya gama hawa asusunku. Bayan ka kwafa, buɗe fayilolin a wata kwamfutar ka gani da idonka. Kwafin da ba a gwada ba, fata ne kawai.

Na biyu, shiga Settings ka nemi Activation, ka rubuta nau'in Windows ɗinka da abin da ta ce game da lasisi. Ka ɗauki hotonsa da waya.

Na uku, duba ko rumbunka a kulle yake da BitLocker. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle kansu ba ka sani ba. Makullin ceto lamba ce mai tsawon 48, yawanci tana cikin asusunka na Microsoft. Nemo ta ka rubuta a takarda kafin a taɓa komai.

Na huɗu, samo Windows daga shafin Microsoft kai tsaye. Suna da manhajar da ke haɗa maka filashin zubi kyauta, tana buƙatar filashi mai 8GB ko fiye, kuma za ta goge duk abin da ke cikinsa. Eh, data za ta ci, wajen giga biyar zuwa shida. Ku haɗu ku biyar ku sayi ta dare, filashi ɗaya ya ishi kowa, domin filashin ba shi ne lasisi ba, kowa lasisinsa na jikin kwamfutarsa.

Na biyar, lokacin zubi, ka natsu a shafin da ke nuna ɓangarorin rumbu. Nan ne ake kuka. In kana da ɓangaren D da kake ajiya a ciki, kar ka taɓa shi. In ka zaɓi ɓangaren da tsohuwar Windows take ba tare da ka goge shi ba, za ta tattara tsofaffin fayilolinka a wani kundi mai suna Windows.old. Amma kar ka dogara da shi, ba ya daɗewa, Windows takan share shi da kanta. Kuma ka cika batir ko ka tabbatar akwai janareto, don NEPA ba ta san kana tsakiyar aiki ba.

Na san tambayar da ke tafe: wanda kwamfutarsa ba ta da lasisi fa, ko ta tsufa ba ta iya ɗaukar Windows 11? Gaskiya ne Windows 11 tana da sharuɗɗa, tana son TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa aƙalla 4GB, da wurin ajiya 64GB, kuma a ɓangaren Intel yawanci daga ƙarni na 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin tokumbonmu ƙarni na 4 zuwa na 6 ne. Kuma lasisi da dala ake sayensa, ɗalibin da ke lissafin kuɗin tuwo a Sabo ba zai iya ba. Ban raina wannan uzurin ba ko kaɗan.

Amma akwai hanyar da ba sata ba ce kuma ba ta da haɗari. Linux Mint ko Ubuntu kyauta ne, halal ɗinka ne ka zuba wa mutum ɗari, kuma suna tafiya da kyau a kan tsofaffin kwamfutoci. Za ka iya gwada su daga filashi ba tare da ka goge komai ba. LibreOffice yana buɗe fayilolin Word, Zotero yana aiki, R da jamovi da PSPP suna yin mafi yawan lissafin da muke yi a SPSS. Ba zan ɓoye muku ba, akwai wahala. Wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce in sufabaiza ya buɗe a Word, kuma masu AutoCAD ko ArcGIS wannan ba taku ba ce. Sai ka auna da irin aikinka. Ni dai tsohuwar laftof ɗin yayana Mint ce a kanta yanzu, ƙanwata tana rubuce-rubucenta da ita a gida.

Abu na ƙarshe, kuma wannan ga shugabannin ƙungiyarmu ne. Muna tara kuɗi don walimar yaye ɗalibai, muna buga riguna, muna yin kalanda. Me zai hana a farkon kowane zango a ware Asabar ɗaya, a zauna awa biyu, a koya wa sababbin shiga yadda ake ajiye kwafi da yadda ake duba lasisi? A sayi filashi biyu da rumbun waje ɗaya a ajiye wajen sakatare. Akwai 'yan kimiyyar kwamfuta a cikinmu da za su yi shi ba ko sisi. Mun baro gida, wasu tafiyar kwana guda a mota, babu yaya ko kawun da za ka ruga wajensa in abu ya lalace. Mu ne dangin juna a nan. Ni na sa kaina, in an shirya a kira ni.

Kai kuma ɗan uwa mai faifai, na san alheri ka nufa, Allah ya saka. Ka zo da shi ranar Asabar ɗin mu nuna wa yara yadda ake yi a da.

Yanzu tambaya gare ku: in laftof ɗinka ta ƙi tashi gobe da safe, babi nawa za ka rasa? In amsar ta wuce sifili, ajiye wayar nan ka je ka kwafa tukuna, sannan ka dawo mu yi musu a ƙasa. Wanda kuma yake da awa ɗaya yau bayan isha'i, muna ɗakin karatu na 'yan masta, saura mana takarda tamanin da shida mu gama shigar mata.